Karayar ƙugu: kwanciyar da ake yi wa tsoho da sunan tausayi

Ranar 13 ga Mayu, 2019, Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ya yi shirin fita farautar talo-talon daji, sai ya faɗi a gidansa da ke garin Plains a jihar Jojiya. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Shekarunsa 94 a lokacin, kuma shekara huɗu kafin nan ya sha fama da ciwon dajin da ya bazu har cikin ƙwaƙwalwarsa. A ranar aka shiga da shi tiyata a wani asibiti da ke garin Americus. Da ofishinsa ya fitar da sanarwa, sai aka ji cewa abin da ya fi damun dattijon shi ne lokacin farautar bana zai wuce bai cike adadin tsuntsayen da doka ta yarje masa ya harba ba. Ba a rufa wata guda ba ya koma cocin garinsu yana karantar da darasin ranar Lahadi. Bai rasu ba sai a Disamban 2024, yana da shekara 100.

Mahaifiyar Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta ma fi shi shekaru lokacin da nata ya same ta. Tana da 97 ta faɗi a Sandringham a Janairun 1998, aka yi mata aiki, ta fito daga asibiti da ƙafarta tana dogara sanda, ta ƙara shekara huɗu a duniya. Fafaroma John Paul na Biyu kuwa a banɗaki ya zame ya karye a ƙugu a Afrilun 1994.

Za a ce ai waɗannan manyan duniya ne, likitoci a gindinsu suke kwana. Gaskiya ne. Amma babu likitan da ya dubi ɗayansu ya ce shekaru sun yi nisa, a bar shi ya kwanta. A nan gida kuwa, daga Kano har Maraɗi, maganar da aka fi ji ke nan.

Kowa ya san yadda abin ke faruwa. Tsohuwa ta fito alwalar asuba, siminti da santsi, ta zame ta faɗi a gefe guda. Ta kasa tashi. Ƙafar ta ɗan gajarce, tafinta ya karkata waje, in an taɓa ta sai ihu. Kafin hantsi 'ya'ya sun taru. Babban wa ya ce, "Hajiya ta manyanta, kada a wahalar da ita da yanka." Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, a kira mai ɗorin nan mana, ba shi ya gyara hannun yaron nan bara ba?" Wani ya ce a bari ƙarshen wata ya zo a haɗa karo-karo. Babu mai mugun nufi a cikinsu, kowa uwarsa yake so. Aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa, aka shafa man shanu, aka ɗaure da kara. Bayan wata biyu ko uku sai a ji sanarwar jana'iza, a ce tsufa ne, ko kuwa limoniya ce ta kama ta. Ba wanda zai ce karaya ce ta yi ajalinta, alhali daga ranar da ta zame aka fara ƙirga kwanakin.

Ajali na Allah ne, wannan babu musu. Sai dai neman magani ma umarni ne, kuma abin da likitocin duniya suka tara a cikin shekaru kusan ɗari ya nuna cewa a karayar ƙugu, kwanciya ta fi wuƙar likita haɗari ga tsoho nesa ba kusa ba. Ya kamata iyalai su daina ɗaukar wannan karaya a matsayin ciwon da ake jinyarsa a hankali, asibitoci da hukuma kuma su ɗauke ta yadda suke ɗaukar naƙudar da ta gagara.

Abin da ake kira karayar ƙugu, a haƙiƙa saman ƙashin cinya ne ke karyewa. Ƙashin cinya yana da kai mulmulalle da ke zaune cikin kwarmin kwatangwalo, da ɗan wuya da ya haɗa kan da sauran ƙashin. Karayar iri biyu ce, kuma tun a wajen 1820 wani likitan Landan, Astley Cooper, ya raba su. Akwai wadda ke faruwa a wuyan, cikin jakar gaɓar. Akwai wadda ke faruwa ƙasa kaɗan, a wurin da ƙashin ya yi kauri. Bambancin ba ƙarami ba ne. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin ta jikin wuyan suke bi, saboda haka in wuyan ya karye ya goce, sau da yawa sun tsinke ke nan. Kan ƙashin zai zauna ba jini, ya ƙi haɗewa, ko ya mutu ya ruɓe a hankali. Wannan ne ya sa a 1935 wani likitan Shikago, Kellogg Speed, ya yi mata laƙabi da karayar da aka rasa bakin zarenta. Ita ta ƙasan tana da wadatar jini, tana haɗewa, amma tana zubar da jini a ciki wanda ido ba ya gani, wani lokaci har ya kai lita guda.

A nan ne ya kamata a yi wa mai ɗori adalci, a kuma faɗa masa gaskiya. Sunan da ya yi, a kan ƙasusuwan da ake iya kamawa da hannu ya yi shi: dantse, sangali, yatsa. In an daidaita su an ɗaure, jiki da kansa yake ƙarasa aikin. Gaɓar ƙugu kuwa tana can ƙarƙashin tsoka mafi kauri a jikin ɗan Adam. Babu karan da zai riƙe ta, babu hannun da zai ji ko ta zauna daidai. Ja da murzar da ake yi na iya goce karayar da da farko ba ta goce ba. Har akwai tsohon da zai faɗi ya tashi yana ɗingishi, a ce targaɗe ne, ashe ƙashin ya tsage. Bayan kwana biyar ya taka da ƙarfi ya ƙarasa karyewa. Hoton ƙashi guda ɗaya a ranar farko da ya raba gardama.

To, me kwanciyar ke yi? Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 kacal a gado. Da aka auna su, a matsakaici sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Masu lafiya ke nan, suna cin abinci, babu ciwon da ke hana su juyi. Wanda ya karye ba ya iya juyawa, ba ya iya tari da ƙarfi, don haka majina ta taru a huhu ta zama limoniya. Fatar bayansa da ta dugadugansa ta mutu saboda danniya, gyambon kwanciya ya buɗe, wani har sai an ga ƙashi. Jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, mutum yana magana sai a ga ya tafi. Fitsari ya kamu da ƙwayoyin cuta. Ya rage shan ruwa da gangan don kunyar a ɗaga shi a sa masa fo, ƙoda ta fara gazawa. A kan wannan kuma a riƙa ɗirka masa diclofenac daga kemis safe da yamma, maganin da ke cin ƙodar tsoho yana tsaga masa ciki.

Karayar da ke faruwa ƙasa da wuyan ƙashin tana iya haɗewa ba tare da aiki ba, bayan wata biyu zuwa uku a kwance, ƙafa a gajarce a karkace. Irin waɗannan ne ake nunawa a ce ga wanda mai ɗori ya tayar. Waɗanda ba su kai wata ukun ba, babu mai ƙirga su.

Manufar tiyata guda ce: mutum ya tashi. In karayar ta ƙasa ce, akan ɗaure ta da ƙusa mai zamewa da farantin ƙarfe, ko a zura sandar ƙarfe cikin ɓargon ƙashin. Tushen wannan dabara ya koma ga ƙusar da Marius Smith-Petersen na Boston ya bayyana a 1931. In wuyan ne ya karye ya goce, a tsoho an fi son a cire kan ƙashin ɗungurungum a sa na ƙarfe, domin in aka ce a ɗaure shi da ƙusoshi, kimanin ɗaya cikin uku sai an sake komawa tiyata. Kan ƙarfen da Austin Moore ya ƙirƙira a tsakiyar ƙarnin da ya wuce har yanzu ana sa shi a asibitocin Afirka saboda sauƙin kuɗinsa. Aikin ba ya wuce awa ɗaya zuwa biyu. Washegari ake so a zaunar da majinyaci a bakin gado, a miƙar da shi ya taka ƙafar.

Ba daidai ba ne a ɓoye wa iyali ɗacin alƙaluman. Ko a ƙasashen da ake yi wa kusan kowa aiki a kan lokaci, tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsofaffin da suka karye a ƙugu ba sa kai shekara guda. Mata ne suka fi karyewa, wajen uku cikin huɗu, saboda ƙashinsu na yin laushi bayan ɗaukewar al'ada, amma maza ne suka fi mutuwa in sun karye. A cikin waɗanda suka rayu, kusan rabi ba sa komawa tafiyarsu ta da: mai tafiya da ƙafarsa ya koma sanda, mai sanda ya koma abin dogarawa mai ƙafa huɗu. Dalilin shi ne sau da yawa karayar alama ce ta jikin da ya riga ya raunana. Mai ciwon zuciya, mai sukari, mai mantuwar tsufa, su ne suka fi faɗuwa, su ne kuma suka fi shan wuya bayan aiki. Likitan da ya ce wa iyali "za ta miƙe garau kamar da" ya yi alƙawarin da ba a hannunsa yake ba.

Aikin kansa ma yana da nasa tarkon. Rauni na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta har cikin ƙarfen. Ba ya yawan faruwa, ɗaya ko biyu ne cikin ɗari a wuraren da ake kiyaye tsafta, amma in ya faru bala'i ne, don sai an sake buɗewa, wani lokaci a cire ƙarfen. Kan ƙarfe na iya gocewa daga kwarminsa. Ƙusa na iya huda ƙashi mai laushi ta fito. Simintin da ake liƙe ƙarfen da shi na iya sa bugun jini ya faɗi nan take a kan tebur, shi ya sa mai ba da allurar barci ke tsayawa a faɗake a daidai wannan lokaci. Duk da haka, wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mutum fiye da 1,200, aka buga a 2022, ya nuna waɗanda aka sa wa siminti sun fi jin daɗin rayuwa bayan aikin, kuma ƙashinsu bai cika sake karyewa a gefen ƙarfen ba.

Akwai wata matsala da ta fi waɗannan duka yawa, ita ce kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta a gidajen Hausawa. Kwana ɗaya ko biyu da aiki, sai tsoho ya rikice. Bai gane 'yarsa ba, yana fizge robar ƙarin ruwa, yana cewa ga mutane a jikin bango, dare ya zama masa rana. Wani kuma shiru zai yi, ya ƙi ci ya ƙi magana. 'Yan jinya su fara raɗe-raɗi: iska ce ta shafe shi, ko allurar ta taɓa ƙwaƙwalwa, ko dai tafiya ce ta zo. Wannan ruɗewa tana samun kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na masu karayar ƙugu, kuma tana da dalilai da ake iya nemowa: zafin ciwo, ƙarancin ruwa ko jini, fitsarin da ya taru, rashin bayan gida, ƙwayar cuta, rashin barci, maganin da ya yi wa tsoho ƙarfi. A wani asibitin Boston an raba majinyata 126 gida biyu. Rukunin da likitan tsofaffi ke dubawa kullum, ruɗewar ta sauka daga kashi 50 zuwa 32 cikin 100. Ba wani sabon magani aka ba su ba. Ruwa ne, da abinci, da cire robar fitsari da wuri, da rage ƙwayoyin da ba dole ba, da mayar wa mutum tabaransa.

A wannan fanni iyalin Bahaushe na da abin da asibitocin Turai ke nema da kuɗi. Jika a gefen gado tana ba kaka kunu cokali-cokali, tana gaya mata an kira la'asar, tana kiran ta da sunan da ta saba ji, wannan magani ne na gaske. Abin da ya rage shi ne ma'aikatan jinya su koya wa 'yan jinya abin da za su sa wa ido, maimakon korarsu waje.

Tsoron allurar barci ma ya kamata a rage shi. "Kada a sa masa ya ƙi farkawa" magana ce da ke hana aiki da yawa. Ana iya yin aikin da allurar baya, wadda ke kashe rabin jiki mutum yana farke. Wani babban gwaji a asibitocin Amurka da Kanada, mai mutum 1,600, da aka buga a 2021, ya kwatanta hanyoyin biyu: bayan kwana 60, waɗanda suka rasu ko suka kasa tafiya kashi 18 ne da ɗoriya a wannan ɓangare, 18 a wancan. Ma'ana, ba irin allurar ba ce abin dubawa, hannun mai yin ta ne da shirin da aka yi wa majinyaci kafin a shiga.

Batun lokaci kuwa, nan ne zuciyar maganar. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce tun 2011 a yi aikin a ranar da aka kwantar da mutum ko washegari. A lardin Ontario na Kanada an bi bayanan mutum fiye da 42,000, aka ga waɗanda suka jira fiye da awa 24 sun fi mutuwa a cikin wata guda, kashi 6.5 a kan 5.8. Daga baya masana a Jami'ar McMaster suka gwada ko gaggawar gaske za ta ƙara taimakawa: mutum 2,970 a ƙasashe 17, rabi an yi musu aiki cikin kimanin awa 6, rabi cikin kimanin awa 24. Sakamakon da ya fito a 2020 bai nuna bambanci a yawan mutuwa ba, sai dai na gaggawar sun fi tsira daga ruɗewa da ciwon fitsari. Darasin a fili yake, ba sai an farke tsoho da tsakar dare ba a duba zuciyarsa ba. Kwana ɗaya na shiri ba laifi. Amma a lura da abin da suke gardama a kai: awa 6 ko awa 24. A nan ana maganar mako uku a wurin mai ɗori, mako guda ana haɗa kuɗi, wasu kwanaki ana neman jini da jiran layin tiyata. Tsohon da ya iso da gyambo a baya da majina a ƙirji, in aka yi masa aiki bai tashi ba, sai labari ya koma unguwa cewa asibiti ne ya kashe shi. Na gaba in ya karye, ba za a kai shi ba ke nan.

Birtaniya ma ba haka ta tashi ta ga kanta ba. A garin Hastings, a shekarun 1950 zuwa 1960, likitan ƙashi Michael Devas da likitan tsofaffi Bobby Irvine suka fara zagayen ɗaki tare, ɗaya na duba ƙarfe ɗaya na duba mutum. An daɗe kafin sauran su bi. A 2007 aka buɗe rajistar karayar ƙugu ta ƙasa, kowane asibiti na shigar da lokacin da majinyaci ya iso, lokacin da aka yi masa aiki, da abin da ya biyo baya. A 2010 aka fara ba asibiti ƙarin kuɗi in ya cika sharuɗɗa, ciki har da aiki kafin awa 36 da ganin likitan tsofaffi. Mutuwa a cikin kwana 30 ta sauka daga kusan kashi 11 cikin 100 a 2007 zuwa kusan 6 a 2018. Ƙarfen da ake sawa bai canza sosai ba a waɗannan shekaru. Tsari ne ya canza, da kuma kunyar da asibiti ke ji in an buga sakamakonsa kusa da na maƙwabcinsa.

An daɗe ana cewa wannan ciwon Turawa ne, ƙashin baƙar fata ba ya karyewa da sauƙi. Wani bincike da aka yi a Ibadan aka buga a 1991 ya samu karayar ƙugu kaɗan ƙwarai in an kwatanta da Ingila. Amma littafin asibiti wanda ya zo asibiti kawai yake ƙirgawa. Ban da haka, tsofaffi na ƙaruwa: masu shekara 60 zuwa sama kimanin kashi 5 cikin 100 ne na 'yan Najeriya, wato mutum wajen miliyan 10. Gidaje kuma sun koma tayil mai santsi a maimakon daɓe. An ƙiyasta karayar ƙugu a duniya za ta tashi daga kimanin miliyan 1.7 a 1990 zuwa fiye da miliyan 6 a 2050, kuma mafi yawan ƙarin a ƙasashe masu tasowa zai kasance.

Ƙwarewar aikin akwai ta. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da likitocin ƙashi. Sai dai likitocin ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutane fiye da miliyan 200, likitocin tsofaffi kuwa sun fi haka ƙaranci; cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan. Babban shingen kuma kuɗi ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa. Iyali ne za su sayi ƙarfen, su kawo masu ba da jini, su biya kafin a rubuta suna a layi. Mai ɗori kuwa zai zo har gida, ya karɓi abin da ya samu, ya jira ragowar. Duk mai son ya ja mutane zuwa asibiti dole ya amsa wannan, ba wa'azi kawai ba.

Dokokin ma suna nan a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa, ta kuma ware wani kaso na asusun lafiya a matakin farko domin haka. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa ƙarfi, tsofaffi na ciki. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali, Nijar kuwa ta ɗauki irin wannan mataki tun wajen 2006. Hujjar da aka kafa a kan mai naƙuda, cewa ba za ta iya jiran a sayar da akuya ba, ita ce dai hujjar kakarta. Abin da ake buƙata ba gini ba ne: ƙarafan aiki a ajiye a ma'ajin asibiti, a yi aiki a yi lissafi daga baya, gurbi guda a jerin tiyatar kowace safiya, likitan ciki ya ga majinyaci a ranar farko, da littafi guda da ake rubuta awannin jira da wanda ya rayu bayan wata guda. Masu ɗori kuma a zauna da su ta hannun sarakunansu, kamar yadda aka zauna da ungozoma, a yarda a kan abu ɗaya: tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a tura shi hoto a ranar.

Akwai wanda aiki ba zai amfane shi ba, kamar wanda ciwon ajali ya riga ya ci ƙarfinsa, kwanakinsa ƙidayayyu. Irin wannan hukunci likita da iyali ne za su yanke bayan an duba mutum, shi ma a tambaye shi in yana cikin hayyacinsa. Abin mamaki ne yadda ake taron dangi a kan ƙafar dattijo a zaure, shi yana ɗaki ba a ji ta bakinsa ba. Ko wanda ya daɗe ba ya tafiya, likitoci kan yi masa aikin don kawai a iya juya shi a yi masa wanka ba tare da ihu ba.

Bayan sallama daga asibiti ake faɗawa wani ramin. Tausayi ya sake dawowa: "Baba, kwanta ka huta, me kake so a kawo maka?" Gashin ƙashi da 'yan takun da ake yi a tsakar gida safe da yamma su ne rabin aikin. Wanda aka sa wa kan ƙarfe, a makonnin farko katifar ƙasa da masai na tsuguno da zaman tabarma na iya goce masa gaɓar. Yana buƙatar gado mai tsayi, da kujerar bayan gida, salla kuma a kan kujera, rangwamen da shari'a ta riga ta yi wa mara lafiya. Yana buƙatar ƙwai da wake da kifi da nono, ba koko zalla ba.

Sannan wanda ya karye sau ɗaya yana kan hanyar ta biyu in ba a yi wani abu ba. A wani gwaji na mutum 2,127 da aka buga a 2007, ƙarin ruwan maganin zoledronic acid sau ɗaya a shekara bayan aikin ƙugu ya rage sabuwar karaya da kashi 35 cikin 100, ya rage mutuwa da kashi 28. Akwai kuma ƙwayar alendronate da ake sha sau ɗaya a mako. Ba kasafai ake sallamar tsoho a nan da ɗayansu ba. A ɗaya gefen, dexamethasone da prednisolone da tsofaffi ke saya a kemis don ciwon gwiwa suna cinye ƙashi a ɓoye.

Shi kansa Carter bai tsira daga wannan ba. A Oktoban 2019 ya sake faɗuwa aka yi masa ɗinki 14 a goshi, ya tafi Nashville da baƙin ido yana taya gina gidajen talakawa. Kafin watan ya ƙare ya sake faɗuwa ya tsage ƙashin kwatangwalo, a Nuwamba kuma aka yi masa aiki a kai don cire jinin da ya taru sanadin faɗuwar. Saboda haka tambayar da ya kamata a yi kafin a mayar da tsoho ɗakinsa ita ce me ya kayar da shi. Yanar ido ce da aikin rabin awa zai cire? Maganin hawan jini ne ke sa shi jiri in ya miƙe? Silifas ne da ya siɗe, ko duhun hanyar banɗaki in an ɗauke wuta? Fitila mai caji a bakin ƙofa, ɗan benci a wurin alwala, tabarmar roba a kan tayil, da ƙarfen riƙewa a jikin bango, wanda mai waldan unguwa zai lanƙwasa ya kafa kafin azahar.